Jinin Da Ya Fita Ya Komo

Ƙofar Atiku, Sakkwato

Zuwa ga ɗana Muntari,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Fatakwal, kai da iyalinka. Allah ya kiyaye ku. Innarka Sadiyatu lafiya lau, bakinta ma ya fi nawa lafiya. Sojojin nan sun koya mana layi, har wurin sayen ƙosai.

Na dawo daga Ikko, wato Legas, daga wankin ƙodar da ka tura ni. Ka san ubanka wanzami ne. Tun ina saurayi nake yi wa mutane ƙaho, jinin da ya fita kuwa rami nake haƙa masa in rufe, ba ya komawa jiki. Sai ga ni kwance kamar ragon layya, ina kallon nawa yana bin roba, ya shiga injin, ya zagayo ya komo mini da sanyi. Na roƙi ragowar da ta maƙale a robar don in binne, ma'aikaciyar ta yi dariya ta jefa a bokiti.

Wanda ke hawa injin kafin ni wani malamin makaranta ne, Ishaya, mutumin Zuru, bahago, kullum yana ƙunƙunin waƙa. Na saba tarar da gadon da ɗuminsa. Ranar wankina na ƙarshe na tarar da gadon da sanyi, aka ce Ishaya ya rasu.

Muntari, tun da na dawo, hannun hagu nake kaiwa akushi. Innarka ta buge shi har ta gaji. Na yi wa Tambari aski tas, sai ya tambaye ni yaushe na sauya hannu, ni ban ma sani ba. Shekaranjiya kuma Monica maƙwabciyarmu ta leƙo, fuskarta ba walwala, ta ce wa ya koya mini waƙar da nake ƙunƙuni, wadda suke yi wa mamaci da yarensu a garinsu Zuru. Ni da Hausa ma da ƙyar na ƙare ajin yaƙi da jahilci! Likita ya rantse ana sauya robar, jini ba ya gamuwa. Na yarda. Hannun ne bai ji bayanin ba.

Yanzu ƙafafuna sun sake kumbura, numfashi sai ina zaune. Likita ya ce in ban koma Ikko ba, ba zan ga azumi ba. Innarka ta ce gara mata bahago da takaba. To, zan hau jirgin Lahadi. Ka nemi hutu ka tarye ni a asibitin. In an cire ni daga injin, ka kira ni da sunana. In na yi jinkirin amsawa, kada ka tsorata, ka sake kira. In kuwa ban amsa ba, duk da haka ka kawo ni Sakkwato.

Ka gaida Zainaba da yara. Baffanka Mode yana gaishe ka.

Ni ne dai, har yanzu,
Ubanka Jibrin Wanzami