Motarka Tana Kakkarwa da Safe

Zuwa ga maigidana, Baban Zainab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda na saba yi maka, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Wata magana ce ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai na saba kai wa irinta.

Akori-kurarka ce ba lafiya. Ƙanena Nura ke jan ta yanzu, yana ɗauko hatsi daga Miri zuwa kasuwa kamar yadda kake yi, da ita muke ci. Tun da sanyi ya shigo, in ya tashe ta da safe sai ta kama da ƙyar, sannan jikinta duka ya ɗauki rawa. Madubi na kaɗawa, ƙofar baya na ƙara, salansa na fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Daga madafa nake jin ta ta bayan katanga.

Nura ya kai ta wani gareji. An canja filtar mai, an tsiyaye ruwan da ya taru a mai, washegari ta sake. Da ya koma, makaniken ya ce ringin cikin inji ne ya cinye, sai an sauke inji. Amma fa bai taɓa ganin rawar da idonsa ba, don kafin a isa wurinsa ta ɗumama ta daidaita.

Yayanka Alhaji ya zo har gida kan maganar. Ka san shi, ba mugunta ce da shi ba. Ya ce a sayar tun tana motsi, kada ta mutu a hannunmu a rasa mai taya ta. Har wani ya zo daga Gwallaga ya zagaya ta sau biyu, yana bubbuga taya da ƙafa. Na ce a ba ni mako guda. Ban san me zan yi da makon ba, na dai kasa cewa to.

Ni ban taɓa buɗe bonet ba, ka sani. Amma shekara goma sha shida ina jin tashin motar nan kowace safiya.

Na tuna yadda kake murɗa mabuɗi rabi ka tsaya, kana kallon 'yar fitilar nan ta gaban sitiyari har ta mutu. Wata rana ina sauri za ka sauke ni asibiti na yi ƙorafi, ka ce, "Gas ba fetur ba ne, Hadiza. Sai an ɗumama masa ɗaki yake kamawa."

Na kuma tuna ranar da ka dawo kana faɗa, an kwance wa wani abokinka inji a banza. Ka ce, "A fara da abin da hannu ke kaiwa."

Sai na shiga fita. Kwana uku a jere, bayan sallar asuba, na sa hijabi na tsaya jikin katanga da waya a hannu ina duba lokaci. Rawar ba ta wuce minti huɗu ko biyar, hayaƙin ma tare suke ɗaukewa. Da rana bugu ɗaya take tashi, ba hayaƙi. Na sa Nura ya riƙa zaro sandar awon baƙin mai, bai ragu ba. Safiyar da sanyi ya ɗan sassauta, rawar ma ta sassauta. Na ce a raina, injin da ya cinye ina ruwansa da sanyi ko zafi?

Na kira Oga Ishaya, abokinka makanike. Tun ranar sadakar bakwai ban gan shi ba, na ji nauyin kiransa. Na roƙe shi ya zo gida kafin rana ta fito, na hana Nura taɓa mabuɗi. Ya iso a babur, ya dunƙule cikin rigar sanyi. Ya ce a tashe ta, ya ɗora tafin hannu a bonet ya yi shiru yana saurare. Da aka kashe, ya kwance hita huɗun nan masu ɗumama wa gas ɗaki, ya gwada su ɗaya-ɗaya a jikin batir. Biyu bakinsu ya yi ja. Biyu ko ɗumi ba su yi ba. Ya ce, "Maman Zainab, injin lafiyansa ƙalau. Kunnenki bai yi ƙarya ba."

Tsumman goge hannu ya shiga nema a ƙarƙashin kujerarka, sai ya jawo wani ƙunshin takarda ɗaure da roba. Sababbin hita huɗu. A jikin takardar ga rubutunka: "na sanyi". Ishaya ya zauna a bakin ƙofar mota yana jujjuya ƙunshin a hannu. Daga baya ya ce tare kuka saye su da damina, mako guda kafin a kwantar da kai. Ka gaya masa tsofaffin ba za su kai ƙarshen shekara ba.

Baban Zainab, a nan ne hankalina ya ƙi kwanciya. Ka ji abin da ke tafe wa mota tun watanni, ka yi mata tanadi. Naka ciwon kuwa, in na ga ka dafe ciki ka ce gajiya ce, in na ga ka bar tuwo ka ce ka ci a hanya. Ni kuma na yarda. Kunnen da ya gane ciwon ƙarfe ta bayan katanga, bai gane naka ba kana kwance kusa da ni. Wani lokaci haushinka nake ji, wani lokaci nawa. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka.

An sa wa motar sababbin hitan, yau kwana biyar tana tashi lafiya. Ishaya ya ce nozul ɗaya, cikin masu fesa wa inji mai, ya fara gajiya, amma zai fitar da mu kaka. Na shaida wa Yaya Alhaji ba za a sayar ba bana. Ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ban kuma san ko na yi daidai ba. Zainab ta ce in ta gama makaranta Nura zai koya mata tuƙi. Ban amsa mata ba tukuna, da kana nan da kai za ka yanke.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ya dafa mini a kan abin da ka bari, Ya tsare Nura a hanya, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Matarka,
Hadiza
Ƙofar Dumi, Bauchi