Ɗaliban Kebbe za su zo Asabar

Litinin, 4 ga Maris 2024

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, cibiyar kwamfuta ta Alhaji Attahiru, Tambuwal. Babbar na'urarmu ɗaya ce, a cikinta ake raba ƙananan kwamfutocin da ɗalibai ke gwajin jarrabawa a kai. Biyu sun daskare, sun tsaya cak. Saƙo ɗaya suka rubuta: an katse su, ba su san dalili ba. Asabar ɗalibai za su zo daga Kebbe a kan babura. In ta tsaya musu a tsakiya, amsoshinsu sun tafi.

Talata, 5 ga Maris

Alhaji ya ce janareta ne. A nan komai janareta ne. "Nasiha, kashe ki kunna, haka munka saba." Na kashe, na kunna. Bayan azahar wata ta daskare, alhali akwai wutar gari.

Laraba, 6 ga Maris

Na fara ganewa. Na'urar tana da ma'aunin da ke ƙirga aikinta, in ya cika sai ya katse kwamfutar da ta kunna shi. Namu ba wadda ta kunna, amma katsewar tana iso musu. Wanda ya haɗa mana su kuma ya saita su tsaya cak in sun ga abin da ba su sani ba. Na ɓoye wa rabinsu ma'aunin, na bar rabi yadda suke.

Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Waɗanda na bari, uku sun tsaya. Waɗanda na ɓoye wa, lafiya lau. Na ɓoye wa duka.

Malama Batula, shugabar makarantar Kebbe, ta kira. "Ɗiyata, in kawo su ko in bari? Hanyar nan ba ta wasa ba ce." Na ce ina bincike. Ta ce, "Binciken nan naki, ranar Asabar yaka ƙarewa?"

Juma'a, 8 ga Maris

Na ce mata ta kawo su.

Abin da har yanzu ban sani ba:
Me ke tayar da ma'aunin da ba a kunna ba.
Ko gyara na yi, ko rufe masa baki kawai.
Ko babbar na'urar za ta jure in kowa ya zauna a lokaci ɗaya.
Yadda aka yi na ce "ki kawo su" da duk wannan a gabana.