Wai Motar Baffa

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Yaya yarana da mamansu? Ni lafiya lau, hannuwana ne kawai suka tsattsage da wankin motocin mutane.

Kuɗin da na turo ba zai sayi sabuwar mota ba, don haka kada fenti ya ruɗe ka. Ka je da makaniki, a tayar da ita injin na sanyi, ku duba hayaƙi.

An ce autata tana ta tsalle, wai Baffa zai sayi mota. Wallahi raina ya sosu. Kai ne za ka riƙa kai su makaranta, su rungume ka. Allah ya sanya albarka, amma ka gaya mata ta babanta ce.

Yayanka