Na Rangaɗa Guɗa, Ashe Jikana Aka Kayar

Malam Mainassara, ka taimake ni, aurena da jikana na shirin mutuwa. Na sa an rubuta maka wannan daga wajen Dakoro, fataken gishiri za su kawo maka.

Abarci ke nan, angona na wasa, saurayi mai wuya kamar turmi. Tun da ya fara ɗaura walki ba wanda ya kai gwiwarsa ƙasa a garinmu. Da aka gama yankan gero muka tafi kokowa Korahane, har da ni a kan jaki. Aka haɗa shi da Intalla, wani siririn yaro makiyayi. Idona ya yi rauni, Malam. Na hango ƙafafu biyu a sama, na ɗauka na Intalla ne, na kama hanci na rangaɗa guɗar da ko a biki ban taɓa yin irinta ba. Ashe nawa ne kwance.

Yanzu ba ya shan furata, ba ya kula ni. Ya tsinke layunsa, wai su suka ci amanarsa, ya rantse shi da fage har abada. Abin yana damuna ƙwarai. Amma, Allah ya yafe mini, da na tuna ƙafafun nan sai dariya ta ƙwace mini, ko ina tsakiyar ba shi haƙuri.

Kaka Mai Guɗa

Kaka, ni ma sai da na dara. Amma Abarci yana da gaskiyarsa: faɗuwar farko ce, gaban jama'a, ga muryarki a kai. Ki kai dariyar nan bayan rumbu ki ƙare ta can, sannan ki ba shi haƙuri ba tare da tsokana ba.

Kada ki taya shi zargin layu, kada kuma ki ce sa'a Intalla ya ci. Gaba da gabanta. Wanda bai taɓa shan ƙasa ba, ƙarfinsa kawai ya sani, bai san inda yake yin sake ba. Intalla ya sani, don mai kayar da maruƙa kullum ya iya aikin ƙafa. In zuciya ta huce, ki dama fura a babbar ƙwarya, wadda mutum ɗaya ba zai shanye ba, ki aiki Abarci da ita zangon su Intalla. Su sha tare, ya roƙe shi ya sake kayar da shi a hankali kan rairayi, har ya gane kamun.

Tafiyar nan ta fi shiga fage wuya. In ya iya yin ta, ya koma kokowa ke nan tun makaɗa ba su kira shi ba.

Allah ya shirya ku, ya ba shi ƙarfin zuciya.