Baba, Tafin Hannun Walid Ya Yi Fari

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan kana lafiya a can Fatakwal. Ka yafe mini ƙarfin halin rubuto maka. Duk ranar da ka bugo waya Kaka na gefena, sai maganar ta maƙale mini.

Maganar ƙanena Walid ce. Da ka tafi nono kawai yake sha, yanzu ya fara cin abinci. Amma abincin koko ne da mazarƙwaila, safe da yamma.

Na raka Umma awon Walid a asibitin Makarfi. Ma'aikaciyar ta buɗe tafin hannunsa, ta ja fatar idonsa, ta ce jininsa na neman yin ƙasa. Ta ce a irin shekarunsa nono da koko ba sa isar da sinadarin ƙarfe, sai an haɗa da hanta, ƙwai, wake ko zogale, a dama su da laushi, kuma a daina ba shi shayi.

Na kawo wa Kaka bayanin. Kalmar ƙarfe kaɗai ta riƙe. Washegari ta aika maƙera aka ɗebo ruwan da ake tsoma ƙarfe mai zafi, wai a ɗura masa. Umma ta faki idonta ta zubar bayan rumbu.

Ƙwai kuwa Kaka ta hana. Ta ce yana sa yaro sata, kuma da koko ta yaye ka. Ka san Umma ba za ta iya musu da ita ba. Ni ma haka.

Baba, yaron da ke ƙyalƙyata dariya in akuya ta yi kuka, yanzu kallo kawai yake yi. Kafin in tafi makaranta sai na buɗe hannunsa na duba, a aji ma shi nake gani.

Na tuna dafaffen ƙwan da kake saya mini a tashar Gubuchi, kana cewa in cinye kafin mu isa gida. Ban taɓa ɗaukar abin kowa ba, Baba. Ka faɗa wa Kaka haka. Maganarka kaɗai take ji.

Allah ya tsare mana kai, ya ba Walid lafiya, ya ƙara wa Kaka nisan kwana.

Za mu koma a gwada jininsa. In ka ba ni izini, in rubuto maka abin da suka ce?

'Yarka,
Rumasa'u