Dashen da Ba a Yanke wa Leda Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina, ba wanda ya sa ni, kuma ba zafin ciwo ne yake magana ba. Na zaɓi hantsi, bayan magani ya zauna mini, don na lura da yamma rubutuna yakan karkace, tunanina ma haka. Likita bai ɓoye mini abin da ya gani a ƙodata ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba. Shekarata arba'in da uku. Wannan ne karo na uku da nake rubuta takardar nan. Biyun farko na yaga su saboda fushi ya yi yawa a ciki. In kun ga saura, ku yi mini uzuri.

Zuwa gare ku ku uku, 'Yar Fari, Sarkin Gardama da Auta.

1. Gida da kayan cikinsa da abin da marigayi mahaifinku ya bari, a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa. Abin da na riga na ba ku ina raye kuwa naku ne. Wuƙar da nake auren mangwaro da ita, wato haɗa reshen wani a jikin wani, ta 'Yar Fari ce. Baro da tiyon ban ruwa na Sarkin Gardama ne, ko da yake ya ce tayar baron ta girme shi. Auta ta riƙe agogon babanta.

2. Cikin sulusin dukiyata da addini ya yarje mini in yi wasiyya da shi, na yi wakafi da saman tudun nan na bayan gida, inda itatuwan da na dasa da hannuna suke. A ƙirgen ƙarshe da na yi, ɗari huɗu da goma sha biyu ne masu rai. Ba a sayarwa, ba a sarewa, ba a ba da haya ga kowa, har da kawunku. Maƙwabcinmu tela da limamin unguwa sun shaida. Dole in gaya muku dalili, don kada nan gaba a juya muku zancen.

Kun san bayan rasuwar babanku da renon dashe na riƙe ku: baƙar leda, ƙasa, taki, ruwa safe da yamma. Kawunku, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, yana aikin zagayawa da baƙi a wani kamfanin yawon buɗe ido. Shi ya zo mini da maganar. Ya ce matafiyan nan sun damu da hayaƙin jiragen da suke kawo su, wanda yake ƙara wa duniya zafi, saboda haka kamfanin ya yi alkawarin kowane baƙo zai dasa itace da hannunsa, a rataya masa ƙarfe mai sunansa, itacen ya girma yana zuƙe gurɓatacciyar iskar. Ban yarda nan take ba, sai da na ari littafin makarantar 'Yar Fari na duba, na ga gaskiya ne itatuwa suna yin haka. A ranar na rubuta a littafin ajiyar ranakuna cewa Allah Ya kawo mini aikin da zan yi alfahari da shi. Nawa shi ne in ba da dashe da filin gindin tudu na bakin hanya, kuma in sa hannu a takarda duk wata cewa itatuwa kaza suna raye. Nasa shi ne ya kawo baƙi su dasa.

A wata na uku na sauka na tarar an binne dashen da ledarsu. Kowa ya san ana yanke leda kafin a sa a rami, in ba haka ba saiwa ta yi ta naɗewa har ta shaƙe kanta. Na ɗauka rashin sani ne, har na kai masa reza. Ya yi dariya, ya kira ni Malama Ƙirge, ya ce baƙi ba sa son ƙasa a farcensu, in sun tafi shi yake bi yana yankewa. Ya ce kuma in dubi yadda ƙafafuna suka kumbura, in daina wahalar sauka, zai riƙa kawo mini lissafin itatuwan har ɗaki. Na ji daɗi, na rubuta cewa ƙanina ya fara hankali.

Daga nan sai ya rage karɓar dashe. Ina jin motar baƙi tana tsayawa sau uku a mako, amma sai a yi wata bai ɗauki ko guda goma ba. Ya ce yana cikewa daga wani wuri. Abin da na rubuta a kan wannan yana littafi na shida: wataƙila kishin sana'a ne yake damuna, in kiyayi zargin ɗan'uwa. Sau tara na rubuta irin wannan magana, na ƙirga.

Wani maɗaci ne ya buɗe mini ido. Akuya ta taɓa gatsa kansa tun yana wurina, sai ya yi reshe biyu, ɗaya ya lanƙwashe. Ran da na je ofishin kamfanin kai takarda, na tsaya kallon hotunan baƙi da suka lilliƙa a bango. Na ga maɗacin nan a hoto uku, da mutum uku, da suna uku. Washegari da la'asar, bayan motar ta tashi, na sauka a hankali ina dafa shinge. Na iske kawunku yana cafko dashen ta wuya yana zaro su da ledarsu, yana jerawa a inuwa, yana zuba ƙarafan sunayen a bokiti. Ramukan kuma a buɗe, suna jiran baƙin jibi. Rami sittin, dashe sittin, shekara biyu. In ɗaya ya gaji ya mutu a sauya shi. Takardun da na sa wa hannu sun ce dubu huɗu da ɗari biyu.

Ko miƙewa bai yi ba. Ya ce baƙi sun samu hoto, kamfani ya samu yabo, wa aka cuta? Ya tambaye ni maganin da nake sha daga ina na zaci yake fitowa. Sannan ya tuna mini, a hankali, yana karkaɗe ƙasar hannunsa, cewa sunana ne a ƙasan kowace takarda, nasa ba ya ko ɗaya. Wannan maganar ce ta fi ciwon ƙodar. Na gane ba don tausayin ƙafafuna ya hana ni sauka ba.

Ga nawa laifin, kada ku ji shi a bakin wani. Bayan na sani, na sake sa hannu sau biyu. Tsoron rasa magani ne da na abin da za a ce. A wata na uku na ƙi, tun daga nan bai sake tako gidan nan ba. Wata biyar ke nan. Yakan aiko direban motar baƙi da lemo.

3. Littattafaina goma sha ɗaya suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. 'Yar Fari, ki ɗauki na huɗu zuwa na tara ki kai wa matar nan mai tabarau da ƙungiyar kula da daji take turowa duba itatuwa. Sau biyu ta zo, duka biyun kawunku ya hau da ita saman tudu ya nuna mata nawa a matsayin na baƙi, ina ɗaki ban sani ba. Ki yi hoton kowane shafi kafin ki miƙa. Kada ki yage ko ɗaya, har inda na tona wa kaina asiri. Na so in kai da kaina, na shirya sau biyu na fasa. Ban sani ba ko ciwo ne ko ragwanta.

4. Akwai haƙƙin wata tsohuwa a wuyana. Ta zo daga nesa ta dasa tsamiya da sunan mijinta da ya rasu, kuma duk shekara takan rubuto tana tambayar tsawonta. Kawunku yakan rataya ƙarfen a jikin wata tawa ya ɗauki hoto ya aika mata. Na dasa mata ta gaskiya a layi na bakwai, kusa da farin dutse, ta kama. Wasiƙar da na rubuta mata tana cikin akwatin. Sarkin Gardama, kai ka fi jin harshenta, ka juya mata yadda na faɗa. Na san ka da gyara zance, wannan kada ka sassauta shi.

Sauran ƙarafan na sa an kwaso mini, buhu biyu ne a ɗakin ajiya. Kowane ɗaya mutum ne da ya durƙusa a ƙasarmu da kyakkyawar niyya. In kuna dasa ɗari duk damina, na lissafa, shekara arba'in da biyu ne. Ban ɗora muku ba, nauyina ne. Amma duk wanda kuka iya, ku rataya masa suna ɗaya, ku rage mini.

5. In wasu matafiya suka sake zuwa neman dasawa, kada ku kore su. Ba su yi laifi ba, kuma abin da suke so ɗin mai kyau ne. Ku ba su reza su yanke ledar da kansu, ramin ya kai gwiwar hannu, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ku gaya musu tun farko cewa a gidan nan ba a rubuta itace a takarda sai ya tsallake rani uku. Wanda ya ga ya yi masa tsawo, ya yi hotonsa a wani wuri. Auta, ke kika fi son sa hannu a komai don rubutunki yana da kyau. Kada ki taɓa shaida abin da ba ki taka da ƙafarki kin ƙirga ba.

6. Kawunku zai zo bayan an watse daga gaisuwa, da takarda a aljihu, ya ce zai kula muku da filin tunda ku yara ne. Zai yi kuka, kuma kukan na gaskiya ne, abin da ya sa yake da wuyar ƙi ke nan. Ku ba shi ruwa, ku ba shi wurin zama, kada ku ba shi mabuɗin shinge, kada ku sa hannu. Sarkin Gardama, na ji abin da ka faɗa a ƙofar gida ranar da direba ya kawo lemo. Ban yarda ka ɗaga masa hannu ko murya ba. Matarsa ba ta san komai ba, ita take zuwa yi mini wanki duk Talata a ɓoye. 'Ya'yansa ƙannenku ne, ku ci gaba da shiga gidansu kamar da.

Za ku so ku san ko na yafe masa. A takarda ta farko na rubuta ban yafe ba, a ta biyu na rubuta na yafe, duka biyun ba gaskiya ba ne. Abin da ya ci nawa na bar masa. Hannuna da ya ara ya yi ƙarya da shi ne har yanzu nake kokawa da zuciyata a kai. Ku taya ni addu'a in gama kafin lokaci ya cika.

7. Ranar da za a fita da ni, in ya zo ya tsaya daga nesa yana jin kunyar matsowa, Sarkin Gardama ka je da kanka ka kamo hannunsa, ka ba shi gaban makara. Shekara biyu na goya shi lokacin da innarmu take kwance. Ya ɗauke ni sau ɗaya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku a kan gaskiya, Ya ba ku abokan zama masu tsoronSa. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. 'Yar Fari, ki riƙe ƙannenki, ku kuma ku ji maganarta ko ba ta yi muku daɗi ba. Duk abin da ya taso, ku zauna ku uku a ɗakin nan ku gama shi kafin wani ya ji.

Mahaifiyarku.