Dakta Sannu Ya Rasu, Safiyar Laraba Tana Nan

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, hukumar gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan asibitin haƙoranmu muka karɓi labarin rasuwar shugabanmu kuma ubanmu, wanda ya kafa wannan asibiti, Babban Likitan Haƙora, Alhajin da yara da manya suka fi sani da Dakta Sannu, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Lahadin da ta gabata bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara ashirin da shida ke nan da marigayi ya buɗe asibitin nan a ɗaki biyu a saman wani kantin magani, da kujera guda ta gwanjo da fitilar da sai an tallafe ta da hannu, ya kuma bar shi da kujera shida, likitoci huɗu da ma'aikata goma sha tara, waɗanda mafi yawansu a hannunsa suka koyi riƙe madubin baki. Ba za mu ce ba shi da zafi ba, domin yana da shi a kan tsabta: in ya yi kokwanton faranti guda, kayan aikin ranar gaba ɗaya sai sun koma tukunyar turarawa. Sai dai bai taɓa yi wa ma'aikaci faɗa a gaban majinyaci ba. Ɗakin hoto yake jan mutum, ya tura ƙofa, ya ce a hankali, "'Yata, da bakinki ne, za ki yarda?" Haƙorin da za a iya ceto kuwa ba ya cire shi, ko da mai shi ya roƙa.

Abin da muka fi gode wa Allah da ya koya mana shi ne safiyar Laraba, wadda ya ware wa masu tsoron likitan haƙora. Ba allura, ba injin huda, sai ranar da mutum ya shirya. Mutum ya zo ya zauna, ya saba da kujerar, ya tafi. Da yawanmu mun ɗauki abin ɓata lokaci, mun kuma faɗa masa, Allah Ya yafe mana.

Na ƙarshe a cikin masu tsoron nan wani direban babbar mota ne, wanda ya ba mu izinin ambatonsa, mai fama da turmin haƙori shekara bakwai yana danna masa kanumfari. Larabar farko a bakin ƙofa ya tsaya. Ta biyu ya zauna, da sharaɗin a bar ƙofa a buɗe. Ta uku marigayi ya ce masa, "Haba Direba, kai da kake hawa tudu da tirela cike, ɗan madubin nan ne zai kayar da kai?" Ya ce, "Dakta, ai tirela ba ta shiga bakina." Suka yi dariya, ya buɗe baki, aka duba, aka sa Laraba ta huɗu ranar aiki. Kafin ta zo Allah Ya karɓi abinSa.

Jiya ce Larabar. Mun yi niyyar soke ta, muna kuma fargabar bawan Allah nan ya koma wa kanumfarinsa har ciwon ya ci ƙashi. Sai ga shi ƙarfe takwas, kumatu a kumbure, yana cewa gaisuwa kawai ya zo yi. Mataimakiyar marigayi ta amsa gaisuwar, ta ce masa sannu. Ya daɗe a tsaye yana kallon kujerar, sannan ya hau, ya ce, "A rufe ƙofar, Likita. Na yi masa alkawari." An yi aikin lafiya, haƙorin kuma ba a cire shi ba.

Saboda haka hukumar ke tabbatar wa majinyatan da aikinsu ke hannu cewa asibiti na nan a buɗe ƙarƙashin jagorancin mataimakiyar tasa, kuma duk wanda aka fara wa aiki za a ƙarasa masa yadda marigayi ya rubuta a katinsa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Hajiya, wadda abincin ranar da take aiko masa ya sha hucewa a kan teburinsa ba ta taɓa yin ƙorafi ba, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da sauran dangi, tare da godiyar aron da suka ba mu na shekara ashirin da shida. Allah Ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya tausaya masa kamar yadda ya tausaya wa masu tsoro, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Laraba mai zuwa ƙarfe takwas muna nan, in Allah Ya yarda. Wanda bai iya shigowa ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ba mai hanzarta shi.

Sa hannu:
Babbar Ma'aikaciyar Jinya kuma Mai Magana da Yawun Asibiti,
a madadin hukumar gudanarwa da ɗaukacin ma'aikata.